Yadda ake kulle fayil da kwado biyu kafin a kai shi ajiya a intanet

Ambaliyar 2022 ce ta raba mu da dogaro da takarda kaɗai. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a wani ƙauye tsakanin Auyo da Haɗejia, kuma littafin rajistarmu yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakina ranar da ruwa ya shigo gari. Da ruwan ya janye muka shanya littafin a kan tabarma, shafuka sun manne da juna, tawada ta narke ta koma shuɗin kwalliya. Wa ya karɓi taki buhu nawa, wa ya biya, wa ake bi, sai da muka yi mako biyu muna tara mutane ana tuna wa juna, har rantsuwa ta shigo ciki.

Daga nan muka yanke shawarar ɗaukar hoton kowace takarda mu ajiye a Google Drive, tunda suna ba da gigabayit 15 kyauta. Ma'ajinmu, dattijo ne da ya girmi mahaifina, ya tare ni bayan la'asar ya ce, "Malam Sakatare, wannan girgijen da kake cewa za a zuba sunayenmu a ciki, wa ke gadinsa?" Na ce, "Baba Ma'aji, sunan ne kawai girgije. Kwamfutocin wani kamfani ne a wata ƙasa." Ya ce, "To ashe ajiya za mu kai ɗakin wani, makullin kuma yana hannunsa."

Gaskiyarsa. Kamfanonin nan suna kulle abin da aka ajiye musu, amma a asusun kowa-da-kowa mabuɗin yana wurinsu. Kuma duk wanda ya samu shiga imel ɗinka ya samu shiga ajiyarka. Abin da ke cikin rajistarmu ba na wasa ba ne: lambar NIN, lambar BVN, lambar asusun banki, hoton fuska, da bashin da ke kan kowa. Tun 2023 ma akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, wadda ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su. Mafita ita ce mu kulle kayanmu da kanmu tun a gida, abin da zai isa wurinsu ya zama dunƙulen da ba ya karantuwa.

Dabarar farko da na yi ta ba ni kunya. Na haɗa fayilolin a zip, wato na dunƙule su suka zama fayil ɗaya, na sa kalmar sirri guda, na tura wa shugabanni kalmar a zaurenmu na WhatsApp. Ba a yi wata ba na ga wayar ɗaya daga cikinsu kwance a shagon caji, babu ko makullin fuska, yara na kallon bidiyo a ciki. Kalmar da mutum bakwai suka sani ta tashi daga sirri.

Kwadon nan iri biyu ne

Na farko shi ne kulle mai mabuɗi ɗaya: abin da ya rufe shi ne zai buɗe, kamar kwadon sito. Wanda duniya ta fi amfani da shi sunansa AES. Wasu masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka tsara shi, hukumar NIST ta Amurka ta karɓe shi a matsayin ma'auni a 2001. Tsawon mabuɗinsa kan zama bit 128, 192 ko 256 (bit shi ne sifili ko ɗaya a lissafin kwamfuta, takwas ɗinsu ke yin bayit guda). Mai 256 ɗin, yawan mabuɗan da ɓarawo zai gwada lamba ce mai alƙaluma 78. Ga shi da sauri, tsohuwar kwamfuta ma takan kulle ɗaruruwan hotuna kafin shayi ya huce. Matsalarsa guda: ta wace hanya mabuɗin zai isa hannun ɗan'uwanka ba tare da wani ya gani ba? A nan zip ɗina ya faɗi.

Na biyu shi ne kulle mai tagwayen mabuɗai. Whitfield Diffie da Martin Hellman suka fito da tunanin a fili a 1976, shekara ɗaya bayan haka Rivest, Shamir da Adleman suka kawo tsarin da ake kira RSA. Kowane mutum yana da mabuɗi biyu da aka haifa tare: mabuɗin fili da mabuɗin sirri. Ka ɗauka Ma'aji ya sayo kwaduna iri ɗaya ya rarraba wa jama'a a buɗe, ɗan makullin kuwa guda ne, yana rataye a wuyansa. Kowa na iya danna kwadon ya rufe masa saƙo, amma ko wanda ya rufe ba zai iya sake buɗewa ba. Kwadon da aka rarraba shi ne mabuɗin fili. Ko a kasuwar Gujungu aka liƙa shi babu komai. Na wuyan shi ne na sirri.

To me ya hana a yi komai da wannan na biyun? Ba jakin kaya ba ne. Yana da nauyin lissafi, kuma RSA mai bit 2048 abin da yake iya rufewa a tashi ɗaya bai kai bayit 256 ba. Hoton takarda guda mai megabayit 2 sai an yanka shi gida sama da 8,000.

Sai aka haɗa su, kowa ya yi aikin da ya iya. Duk lokacin da za ka kulle fayil, manhajar tana ƙirƙirar sabon mabuɗin AES na wannan fayil ɗin kaɗai, bayit 32 kacal, wanda kai kanka ba ka ganinsa. Da shi take kulle kayan gaba ɗaya. Sannan ta ɗauki ɗan mabuɗin ta sa a ƙaramin akwati ta rufe da kwadon Ma'aji, ta sake sa kwafinsa a wani akwatin ta rufe da kwadon Shugaba, wani kuma da nawa. Ƙananan akwatunan nan ana manna su a goshin babban fayil ɗin, a ɗora duka tare. Ma'aji ya sauke, mabuɗin sirrinsa ya buɗe nasa akwatin, ya fito da mabuɗin AES, shi kuma ya buɗe kayan. Mutum uku, ba wanda ya san sirrin wani, kuma fayil ɗin bai ninka uku ba, 'yan bayit kawai ya ƙaru. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Haka manhajar kulle saƙo mai suna PGP ke aiki tun da Phil Zimmermann ya fitar da ita a 1991, haka kuma GnuPG, ta kyauta, wadda Bajamushe Werner Koch ya fara a 1997. Da ita muke aiki.

Mataki na farko: kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta, ko tsohuwa ce. Idan Windows ce, ka sauke Gpg4win, wato GnuPG ta Windows, daga shafinsu na gpg4win.org, ba daga filashin wani mai gyaran kwamfuta ba. Ranar da ka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi ka sauke. A cikinta akwai manhaja mai suna Kleopatra, ita ce fuskar da za ka riƙa gani. Bayan an girka, kullewa da buɗewa ba sa buƙatar intanet ko kaɗan. Sai ɗorawa da saukewa.

A wayar Android akwai OpenKeychain, tana karanta irin waɗannan fayiloli, sai dai masu ita sun daina yi mata sabbin gyare-gyare. Ni dai ban so mabuɗin sirri ya zauna a wayar da ke kwana a shagon caji. Idan dole ce, a gwada ta da fayil na banza tukuna a ga ko tana buɗe abin da kwamfutar ta kulle.

Mataki na biyu: kowa ya haifi mabuɗinsa

A Kleopatra ka shiga File, ka zaɓi New OpenPGP Key Pair. Ka rubuta suna. Mu muƙami muke sawa da shekara, kamar "Maaji 2024". Akwai ɗan akwatin da ke tambayar ko a kare mabuɗin da kalmar sirri; ka tabbata ka danna shi, domin idan ba haka ba duk wanda ya ɗauki kwamfutar ya ɗauki komai. Nau'in mabuɗin kuwa ka bar abin da ta zaɓa. Sababbin fitowarta suna amfani da Curve25519, wanda ya fi RSA gajarta da sauri, aikinsu kuma ɗaya ne.

Kowa da hannunsa zai yi nasa. Idan kwamfuta ɗaya ce a ƙungiyar, kamar yadda muka fara, kowa ya samu nasa asusun shiga a Windows ɗin, kuma lokacin da Ma'aji ke buga kalmarsa ni fita nake yi waje.

Kalmar sirrin ce wurin da mutanenmu ke yin sakaci. Kada ta zama lambar waya, ko sunan ɗa, ko karin magana, ko aya. Duk abin da baki ya saba faɗa, mai nema zai gwada shi. Abin da muka yi: muka ɗauko ƙamus, mutum ya rufe ido ya buɗe shafi ya ɗora yatsa, kalmar da yatsa ya faɗa a kai ita ce, sau shida ko bakwai. Abin da zai fito ba shi da ma'ana, misali tulu, zakara, hazo, allura, gishiri, sirdi. Kada ka ɗauki wannan, na riga na ɓata shi da na rubuta. Kwana uku kana maimaitawa za ta zauna. Wanda ya haddace Ishiriniya ba kalma shida ce za ta gagare shi ba.

Mataki na uku: ajiyar mabuɗin sirri, kafin a kulle komai

Nan nake so a tsaya da kyau. Idan mabuɗin sirrinka ya ɓata, ko ka manta kalmarsa, babu ofishin da za ka je, babu lambar da za ka kira. Kamfanin da ke riƙe da fayil ɗin ba zai iya buɗe maka ba, wanda ya rubuta manhajar ma haka. Abin da ya hana ɓarawo shiga shi zai hana ka.

Ka danna mabuɗinka da maɓallin dama ka zaɓi Backup Secret Keys. Ka sa abin da ya fito a filashi biyu waɗanda ba a amfani da su wajen kwasar waƙoƙi ko finafinai. Ɗaya a gidanka, ɗayan a wani gari da ke kan tudu, wurin wanda ka amince wa. Nawa na biyu yana wurin yayata, naɗe a leda cikin gwangwanin madara, saboda laima da ƙurar hunturu da ɓera. Filashi yakan mutu ba sallama, don haka in kana da firinta ta kanka ka buga mabuɗin a takarda ma. Na Curve25519 bai cika shafi ba. Kada a kai shi shagon buga takardu. Kalmar sirrin kuma a rubuta ta dabam, a ajiye ta a wani wuri dabam. Kuma mabuɗin sirri ba ya hawa intanet, ko imel, ko WhatsApp, ko da wasa.

Akwai kuma takardar soke mabuɗi, wadda GnuPG ke samarwa. Da ita ake shelar cewa a daina amfani da mabuɗin idan an sace shi. Ita ma ta shiga filashin.

Mataki na huɗu: musayar mabuɗin fili, da karanta zanen yatsa

Ka danna Export, zai ba ka ɗan fayil mai ƙarewa da .asc. Wannan ne kwadonka na buɗe. Ka tura ta duk hanyar da ta samu. Wanda ya karɓa ya danna Import.

Amma akwai rami. Idan wani ya shiga tsakani ya musanya kwadon Ma'aji da nasa, ya rubuta "Maaji" a jiki, zan yi ta kulle rajista ina miƙa wa ɓarawo da hannuna. Suna a jikin mabuɗi kowa na iya rubutawa. Abin da ba a iya kwaikwaya shi ne zanen yatsan mabuɗin: jerin haruffa da lambobi guda 40 da ke bayyana idan ka buɗe bayanansa.

Mu a zauren Shugaba muka yi namu, bayan sallar isha'i, da fitilar sola. Ma'aji ya kwafi nasa a bayan takardar rasit, yana karantowa huɗu-huɗu da tabarau a kan hanci, ni ina bi a allon kwamfuta da tsinken tsintsiya. Ya kai tsakiya ya ce "B", ni kuma 8 nake gani. Muka tsaya cak. Da aka kawo fitilar kusa, ashe rubutunsa ne ya haɗe. Ya ce, "Ɗana, sake daga farko," muka sake. Idan mutum yana nesa, a kira shi a waya a ji muryarsa yana karantawa. Kada a yarda da wanda aka turo a rubuce ta hanyar da mabuɗin ya biyo. In sun dace duka 40, ka danna Certify, wato ka shaida cewa mabuɗin na mai shi ne.

Mataki na biyar: kullewa

Ka tara takardun a folda guda, a wurin da ba ya haɗe da Drive. Wannan yana da muhimmanci: idan ka ajiye su a foldar da ke hawa intanet da kanta, sun riga sun tafi tsirara kafin ka kulle. Haka hotunan da aka ɗauka da waya. A duba ko wayar tana ɗora hotuna da kanta, a kashe, kuma a kwaso su ta igiyar da ke haɗa waya da kwamfuta maimakon WhatsApp.

Ka dunƙule foldar ta zama zip, ka danna Sign/Encrypt. Za ka ga wurin zaɓar waɗanda za a kulle wa. Ka sa kanka, ka sa sauran. Na taɓa cire alamar da ke kan sunana ba da sani ba, na kulle lissafin rani wa Ma'aji shi kaɗai, na goge asalin. Washegari ana neman lissafin, ni da na kulle na kasa buɗewa, shi kuma ya tafi ta'aziyya Kafin Hausa. Babur na hau na bi shi da kwamfuta a goye. Tun daga ranar dokarmu ita ce kowane fayil mutum uku ake kulle wa, ko ɗaya ya yi tafiya, ko Allah ya yi masa rasuwa, ajiya ba ta bi shi ba.

Ka bar alamar sa hannu a kunne. Tunda kwadonka na hannun kowa, kowa na iya kulle fayil na ƙarya ya jefa a ajiyarku. Sa hannun da ake yi da mabuɗin sirrinka shi ke nuna wa mai buɗewa cewa daga gare ka ne, kuma ba a taɓa ko harafi ɗaya ba a hanya.

Mai son rubuta umarni da hannu, layi ɗaya ne:

gpg --sign --encrypt -r Sakatare -r Maaji -r Shugaba ajiya.zip

Wanda ke son ganin ƙananan akwatunan nan da idonsa ya rubuta gpg --list-packets ajiya.zip.gpg, zai ga layuka uku a sama, ɗaya na kowane mutum, kafin babban dunƙulen.

Mataki na shida: ɗorawa

Fayil mai ƙarewa da .gpg kaɗai ke hawa. Kullen ba ya ɓoye sunan fayil, ko girmansa, ko ranar da aka ɗora shi, don haka kada a sa masa suna irin "masu bashin taki". Mu "ajiya-2024-11" muke sawa. Asusun Drive ɗin ma a kunna masa tabbaci mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata shaida kamar lambar da ke zuwa waya, domin wanda ya shiga, ko bai iya karantawa ba, yana iya gogewa. Saboda haka ne muke barin kwafin kullallen fayil ɗin a filashi ma. Idan ka taɓa ɗora wani abu a buɗe a baya, ka goge shi ka kuma zubar da kwandon shara, don Drive yana riƙe abin da aka goge har kwana 30.

Kafin ka goge asalin daga kwamfuta, ka sauke abin da ka ɗora, ka danna Decrypt/Verify, ka buɗe hoto biyu ko uku ka gani. Sabis ɗinmu yakan yanke a tsakiyar ɗorawa.

Idan shugabanci ya canza ko mabuɗi ya fita

Ranar da aka yi sabon ma'aji, shi zai haifi nasa mabuɗin, a karanta zanen yatsa kamar yadda aka yi wa na baya. Ba a gadon mabuɗin sirri. Sai a buɗe tsofaffin fayilolin da ake bukata a sake kulle su da sunayen shugabannin yanzu, wanda hakan ke samar da sabon mabuɗin AES, a goge tsofaffin, a cire tsohon ma'aji daga foldar. Abin da ya riga ya sauke a wurinsa kuwa yana nan yana buɗuwa. Lissafi ba ya ƙwato abin da ido ya gani. Idan kwamfuta aka sace, haka za a yi, a ƙara da fito da takardar sokewa a raba wa sauran.

Mabuɗan suna zuwa da wa'adi na 'yan shekaru. In ya cika, tsofaffin fayiloli suna buɗuwa yadda suke, sabon kullewa ne manhajar za ta ƙi yi har sai mai mabuɗin ya ƙara wa'adin ya sake raba na filin.

Wani ɗalibi daga garinmu ya tambaye ni batun kwamfutocin kwantam, wani sabon nau'in kwamfuta da ake kan ƙerawa, waɗanda ake cewa za su karya RSA da Curve25519 in sun ƙosa. Maganar tana da tushe, shi ya sa a Agustan 2024 NIST ta fitar da ma'aunin wani sabon kwado mai suna ML-KEM, wanda aka tsara don ya jure musu. Barazanar ta fi kan ƙananan akwatunan, AES mai bit 256 ana ganin zai tsaya. Ranar da manhajar ta kawo sabon kwadon a sauƙaƙe, za mu sake mabuɗai mu sake kullewa kamar yadda muke yi in an canza ma'aji.

Sau biyu a shekara, bayan girbin damina da bayan na rani, muna yin gwaji. Ɗaya daga cikinmu zai ɗauko filashinsa na ajiya, a buɗe sabon asusun shiga a kwamfutar wanda babu mabuɗin kowa a ciki, ya shigar da mabuɗinsa, ya buga kalmarsa da ka, ya buɗe fayil mafi tsufa da ke Drive. In ya buɗu, a goge asusun gwajin. A gwajin da ya wuce filashin Shugaba ya ƙi tashi sam, sai da aka aika yaro ya karɓo na biyun, muka sayi sabo ranar kasuwa muka sake kwafa.